Karatun renon yara a Zamfara: wanne za ki zaɓa kafin ki sayi fom?

Ƙanwata tana riƙon marayu uku a Gusau, 'ya'yan yayanmu da aka kashe a ƙauye, ga nata biyu. Da ta ce tana son karatun da zai taimaka mata a kan yaran nan, ya kuma zama sana'a, sai muka zauna muka auna abin da ke akwai.

Hanya ta farko ita ce NCE a fannin kula da ƙananan yara da ilimantar da su, wanda ake kira ECCE. Shekara uku ne, ana shiga ta JAMB, kuma NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da ake karɓa don koyarwa a Najeriya. A jihar nan muna da Kwalejin Ilimi ta Maru da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau, wadda ta mata ce zalla, abin da kan kwantar wa magidanta da yawa hankali. 'Yan Kebbi suna da Kwalejin Adamu Augie a Argungu. Kafin ki biya ko sisi, ki taka da ƙafarki zuwa ofishin ɗaukar ɗalibai, ki tambaya ko sashen yana ɗiba a bana. A nan ne ake koyon yadda ɗan shekara uku ke fahimtar abu, da dalilin da ya sa wasa da waƙa suka fi masa amfani a kan bulala. Mai burin aikin gwamnati ko buɗe makarantar rainon yara, wannan ce tata. Ga kuma rancen NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai bashin karatu, da aka fara a 2024, babu kuɗin ruwa, yana biyan kuɗin makaranta a kwalejojin gwamnati, da naira 20,000 a wata na kashewa. Bashi ne dai, sai an biya.

Matsalarta ita ce lokaci. Daga safe har la'asar kina makaranta, to wa zai riƙe yaran?

Shi ya sa muka duba NTI, cibiyar horar da malamai mai hedikwata a Kaduna, wadda ke ba da NCE ta karatu daga nesa. Ana ba ki littattafai, ki je cibiya a ƙarshen mako da lokacin hutu. Ta dace da mai goyo, amma sai mai naci, domin ba wanda zai tsaya a kanki. Idan yara sun yi barci, ke ce da fitila da littafi.

Ta uku ita ce ta fi kama min hankali, duk da mutane ba su cika kawo ta cikin lissafi ba: karatun lafiyar al'umma, irin na kwalejin da ke Tsafe, ko ta Jega a Kebbi. JCHEW, wato shaidar ƙaramin ma'aikacin lafiyar al'umma, shekara biyu ce; CHEW, wadda ke sama da ita, uku. Ranar da aka kawo mana ƙaramar cikin marayun, gashinta ya yi ja, ƙafafunta sun kumbura, mu muna cewa ƙiba ce. Wata ma'aikaciyar lafiya maƙwabciyarmu ta zaro ɗan tef, ta naɗa a damtsen yarinyar, ya tsaya a kan ja, ƙasa da santimita 11.5. Ta danna bayan ƙafar da yatsa, gurbin ya zauna. "Yaya, tamowa ce," in ji ta, "ku tashi mu tafi asibiti yanzu." Wannan ilimin ne ya ceci yarinyar. Sai dai kuɗin wannan karatu ya kan yi nauyi, kuma shaidarsa ta aikin asibiti ce, ba ta aji ba.

Kwasa-kwasan wata uku da ake tallatawa a Facebook da sunan horar da masu reno, ki yi hattara da su. Ki tambayi hukumar da ta amince da takardar. Idan aka fara kame-kame, ki riƙe kuɗinki.

Shi kuwa riƙo kansa, ba ya jiran shaidar kwaleji. Abin da mai riƙo ke buƙata da gaggawa shi ne takardar haihuwa ga kowane yaro daga Hukumar Ƙidaya, da sunan mahaifinsa na asali kamar yadda aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni, da katin rigakafi, sai kuma a kai sunayensu Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, wadda ke tallafa wa marayu, da sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma.

Ƙanwata ta zaɓi NTI, saboda ba ta da wanda za ta bar wa yara biyar kullum. Ranar Asabar ni nake zama da su.