Na'urar hangen taurari ta farko: duba faɗin baki, ba lambar kwali ba

Idan ka ga kwali an rangaɗa masa "sau 600" da manyan lambobi, ga hoton Zuhal (Saturn) da zobensa kala-kala, ajiye shi ka yi gaba. Romon baka ne. Abin da ke nuna ƙarfin na'urar hangen taurari shi ne faɗin bakinta, wato gilashi ko madubin da ke tara haske. Mai faɗin milimita 200 tana tara haske ninki huɗu na mai 100, ba ninki biyu ba. Masu harkar suna da lissafi: ka ninka faɗin bakin a milimita sau biyu, iyakar girman da za ta ba ka ke nan kafin hoto ya dagule. Mai bakin 70 iyakarta sau 140. Ka matsa mata ta kai 600, sai ka ga wani abu dishi-dishi yana rawa, ba kai ba gindi.

Girman ma ai kai ke canza shi, da ɗan gilashin da ake kafa ido a kai: ka raba nisan tattara hasken na'urar da lambar gilashin idon. Na'urar da nisan tattara haskenta ya kai milimita 1200, in ka sa mata gilashin ido mai lamba 25 za ta ba ka sau 48, in mai 10 ne sau 120. Sau 48 ɗin nan ya ishe ka ganin zoben Zuhal. Galileo da ya gano watanni huɗu da ke kewaya duniyar Mushtari (Jupiter) a Janairun 1610, tasa wajen sau 20 kawai take girmama abu.

Na'urorin iri-iri ne. Ta gilashi, doguwa siririya, ita kowa ke fara tunani. Ba ta da rigima: ka fito da ita, ka saita, ka kalla. Tana yin kyau a kan wata da Zara da Mushtari. Sai dai mai araha takan yi wa abu mai haske wani shuɗin gefe, kuma da bakinta ya haura 100 kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi.

Ta madubi, irin wadda Isaac Newton ya ƙera a 1668, ita ke ba da baki mai faɗi a kuɗi kaɗan, musamman wadda aka ɗora kan akwatin katako mai juyawa, ƙirar da Ba'amurke John Dobson ya yayata. Ba waya, ba batir. Ka dafa bututun ka tura shi inda kake so, ya tsaya cak. In ni ne, mai 150 ko 200 zan ɗauka. Amma fa tana da jiki: bututun mai 200 ya haura mita ɗaya, kuma lokaci-lokaci sai ka daidaita madubanta da 'yan kusoshin da ke gindinta. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, za ka iya ciccibo ta waje bayan ka dawo a gajiye? Wanda zai riƙa hawa bene da sauka, gara ya nemi mai 130 ta ɗorawa kan tebur.

Akwai kuma masu haɗa gilashi da madubi, irin su Maksutov da Schmidt-Cassegrain. Gajeru ne, suna shiga jaka, amma sun fi tsada, kuma filin samaniyar da suke nunawa ƙunƙuntacce ne.

Inda aka fi cutar sabon shiga shi ne ƙafafun da ake ɗora na'urar a kai. Ka taɓa maɓallin saiti, wata ya kama tsalle a idonka, kafin ya natsu ya zame daga gani, domin duniya juyawa take ba ta jiran kowa. Kafin ka biya, ka ɗan ƙwanƙwasa bututun da yatsa. In rawar ta wuce daƙiƙa biyu ko uku, ƙyale ta. Masu kwamfuta da ke nemo tauraro da kansu suna da daɗi, sai dai rabin kuɗinka na iya tafiya a injin, bakin ya tsuke. Manhaja kyauta irin Stellarium za ta nuna maka inda komai yake.

In kuma kana tantama ko sha'awar za ta ɗore, fara da madubin hangen nesa mai ido biyu, 10x50, wato mai girmama abu sau 10 da baki milimita 50. Da shi Kaza da 'ya'yanta za ta tashi daga taurari shida ko bakwai ta zama gommai, ka kuma hango Andromeda, tarin taurarin da haskensa ya yi shekara miliyan 2.5 a hanya. Kada dai ka sa ran launukan da ke cikin hotuna. Kyamara ce ta daɗe tana tara haske. Kai toka-toka za ka gani, shi ma sai ka nisanci fitilu, idonka ya yi minti 20 zuwa 30 cikin duhu.

Rana kuwa, kul ka kalle ta da ɗayansu ba tare da matatar hasken rana ta musamman a bakin na'urar ba. Nan take take ƙona ido.