Ƙaramar tocilar jikin makulli: mai murɗawa ko mai dannawa?

Wani ɗan'uwa ya ce ƙaramar tocilarsa mai caji da USB, in ya bar ta wata biyu a jikin makulli, sai ya tarar batir ya mutu alhali bai kunna ta ba. Yana tambaya ko ya koma mai murɗawa.

Malam, ka fara zargin makunni kafin batir. Mai murɗawa, irin Olight i3E, da zarar ka sassauta kanta ƙarfe ya rabu da ƙarfe, wuta ta yanke ɗungurungum. Ita kuwa mai lallausan madanni, irin Nitecore Tube da RovyVon Aurora, madannin ba ya yanke wuta. Saƙo kawai yake aika wa ƙaramar kwakwalwar da ke ciki, ita kuma dole ta zauna a faɗake tana jira, tana tsotsar batir dare da rana.

Yi lissafin da kanka. A ce batirin 130 mAh ne (yawan cajin da yake ɗauka), tsotsar kuma 0.02 mA (ƙarfin wutar da take ja), ka raba na farko da na biyu: awa 6,500 ke nan, wajen wata 9. In an yi aikin ciki sakaka har tana jan 0.1 mA, awa 1,300 ne, bai cika wata biyu ba. Ga kuma kunna kanta a aljihu, makulli ya danne madanni ta yi ta ci ba ka sani ba. Yawancinsu akwai hanyar kulle madannin, ka duba takardarta. Sai dai kullewar, kunna kanta kawai take hanawa, ba lallai ta tsayar da tsotsar ba.

Mai murɗawa ma tana da nata ciwon. Hannu biyu take so. In ka sassauta ta ƙiris, matsi a aljihu zai iya kunna ta. In ka sassauta da yawa, girgiza ta kwance kan ya faɗi, musamman makullin da ke lilo a jikin babur. Rabin juyi ya wadatar. Ƙurar hunturu kan shiga zaren murɗin, haske ya riƙa rawa. Goge zaren da sifirit a auduga, ka shafa ɗan girisin silikon a zoben roba. Ban da man inji, yana iya kumbura robar. Kada kuma ka ɗaure ta da ƙarfi, wadda ba ta da sifirin (naɗaɗɗiyar wayar da batir ke zama a kai) tana lotsa gindin batir.

Akwai ta uku, mai madannin ƙarfe a gindi da ke cewa ƙas, kamar Lumintop Tool AAA. Tana yanke wuta gaba ɗaya kuma hannu ɗaya ya isa, illa dai ta fi tsawo.

Batirin da ka zuba shi ma magana ce. Ƙaramin batirin AAA na yau da kullum (alkaline) na da arha, amma in ya daɗe a ciki, balle da zafi, yakan yi yoyo ya cinye bututun. Eneloop mai caji, wajen 800 mAh, ba ya wannan ɓarna kuma yana riƙe caji fiye da shekara. Kul ka sa batirin lithium mai caji da ake kira 10440 don girmansu ɗaya da AAA: shi yana kai volt 4.2 in ya cika, AAA kuwa 1.5, zai iya ƙona tocilar da ba a yi ta dominsa ba. Na cikin mai USB kuwa a manne yake, kuma barinsa a mace watanni yana rage masa kwana.

In kullum da dare kake haska kwaɗo da ita, riƙe mai USB ɗinka, ka kulle madanni, ka yi mata caji duk wata. Amma yadda ka kwatanta, ajiye ta kake yi don ranar buƙata. Ni dai shawarata ka sayi mai murɗawa ta AAA, ka sa mata Eneloop ko Energizer Lithium, ka riƙa gwada ta duk bayan wata uku.