Kabhi Alvida Naa Kehna, fim ɗin soyayyar da jarumansa ne marasa gaskiya

Duk mai son fina-finan Indiya ya san yadda aka saba, jarumi mutumin kirki ne, jaruma ma haka, matsalar daga waje take zuwa, ko uba mai taurin kai ko wani mugu mai kuɗi. To wannan fim ɗin na Karan Johar da ya fito a 2006 ba haka yake ba, matsalar a jikin jaruman take, shi ya sa har yau in aka tayar da zancensa sai an yi musu, wasu su ce fim ne mai koyar da cin amanar aure wasu su ce a'a gaskiya ya faɗa. Ni dai ina ganin ya cancanci kallo amma da ido biyu, kuma zan faɗi ƙarshensa a nan, wanda bai kalla ba ya sani.

A New York labarin ya faru. Shah Rukh Khan ne Dev, ɗan ƙwallo da mota ta buge shi ƙafarsa ta lalace, ƙwallo ta ƙare masa, matarsa Rhea wato Preity Zinta kuma tana ta samun ɗaukaka a mujallar da take aiki. Rani Mukerji ce Maya, malamar yara ƙanana, marainiya, ta auri Rishi wato Abhishek Bachchan wanda tare suka taso a gida ɗaya, yana sonta kamar ransa ita kuma zuciyarta ba ta wajensa, ga shi ba ta haihuwa. Dev da Maya sun fara haɗuwa ne ranar aurenta a kan wani benci, bayan shekara 4 suka sake haɗuwa, suka fara abota da sunan kowa zai taimaki ɗan uwansa ya gyara aurensa, daga nan abu ya wuce gona da iri.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda aka bar Dev da mugun halinsa ba a yi masa kwalliya ba. Mutumin nan fa ba shi da daɗin zama, baƙar magana a bakinsa kullum, nasarar matarsa ƙona masa rai take, kuma abin da ya fi ciwo yadda yake huce haushinsa a kan ɗansa Arjun, yaron yana son goge irin na Turawa shi kuma so yake dole ya yi ƙwallon da shi ya rasa, yana yi masa tsawa a gaban mutane yaro duk ya firgice. Wallahi akwai wuraren da za ka ji kamar ka shiga cikin talabijin ɗin ka ja yaron gefe. Shah Rukh da aka saba gani yana buɗe hannuwa ana narkewa, a nan ya yarda ya zama mutumin da za ka ji haushinsa, kuma ya iya, don ko a lokacin da kake jin haushin nasa kana ganin karayar da ke ƙasa, mutum ne da duk darajarsa a ƙafarsa ya ajiye ta, da ƙafar ta tafi bai san ko shi waye ba.

Ita ma Maya ba a wanke ta ba. Shirunta kansa cutarwa ne, miji yana binta da soyayya ita tana bin gida da goge-goge da share-share, ya matso ta ja baya, ba ta taɓa buɗe baki ta ce masa ga abin da ke raina ba tun kafin a ɗaura. Tausayinta zai kama ka saboda rashin haihuwar da kuma nauyin alherin da gidan su Rishi suka yi mata, amma hakan bai goge cewa ta bar mutum yana zuba ruwa a kwando shekara da shekaru ba.

Nan ne nake jinjina wa masu rubutun. Da sun so sauƙi da sun mayar da Rishi mashayi mai duka, Rhea kuma uwar da ba ta damu da kowa ba, sai mai kallo ya ce ai dole su nemi wasu. Ba su yi haka ba. Rishi yana da yarinta da son shagali, Rhea aiki ya cinye mata lokaci kuma ita ma in ta yi fushi harshenta yana yanka, amma ko ɗaya a cikinsu bai yi laifin da za a saka masa da cin amana ba. Sin ɗin da Rishi ya ji gaskiya ya hau farfasa kayan gida, a ganina shi ne mafi ƙarfi a fim ɗin gaba ɗaya, Abhishek ya yi abin a yaba. Sannan mahaifiyar Dev, Kirron Kher, ta zaɓi zama da surukarta da jikanta bayan rabuwar, wannan kaɗai ya nuna maka inda gaskiya take. Haka Amitabh Bachchan, Sam mahaifin Rishi, yana gadon mutuwa yake ba Maya shawarar ta rabu da ɗansa tunda ba ta sonsa, don shi ma ya samu wadda za ta so shi. Maganar tana da nauyi sosai daga bakin uba.

Amma fa fim ɗin yana da matsaloli. Tsawonsa ya wuce awa 3, kuma farkonsa an cika shi da barkwancin da bai dace da labarin ba, musamman wancan shirmen na zargin satar yara a tashar jirgin ƙasa da kuma Sam da 'yan matansa, duk da an yanke su babu abin da zai ragu. Waƙoƙin Shankar-Ehsaan-Loy suna da daɗi ba musu, Mitwa har yanzu ana jinta, sai dai daɗin nasu ma wani abu ne, saboda ana ɗaukar abu mai muni a lulluɓe shi da kiɗa da kaya masu kala da kyawun gari har ka manta akwai mutum biyu a gida da ake yaudara.

Ƙarshen ne bai gamsar da ni ba sam. Bayan sun faɗa wa ma'auratansu gaskiya aure biyu sun mutu, kowannensu ya yi wa ɗayan ƙarya cewa an yafe masa, suka yi shekara 3 ba sa tare, sai kuma Rishi da Rhea da kansu, waɗanda aka zalunta, su ne aka sa suka buɗe musu hanya Maya ta ruga tasha ta tarar da Dev zai tafi Toronto. Haba. Kaɗaicin shekara 3 an nuna mana shi, amma ba a nuna mana Dev ya canza ba, ban ga inda ya zauna da Arjun ya gyara abin da ya ɓata ba, to me zai hana Maya ta sha irin baƙar maganar da Rhea ta sha? Fim ɗin bai amsa wannan ba.

Manya ne ya kamata su kalle shi, ba na zama da yara ba ne. In ka kalla ka sa ido sosai a kan Rishi da Rhea da yaron nan, don rabin labarin a fuskokinsu yake.