ACS712 a kan sumon gidanmu, bayan wata uku

Abin da ya kai ni ga sayen ɗan bod ɗin nan mai auna karent, ACS712, ba wani babban aiki bane, sumon burtsatsen gidanmu ne, maɓallinsa yana can bayan gida kusa da tanki, sai a kunna a manta, ko a ɗauke wuta a dawo da ita cikin dare yana ta aiki babu wanda ya sani sai da asuba a tarar tsakar gida ta zama tafki, Umma na faɗa. Sai nace bari in haɗa ɗan sakit da zai gane in karent na bi ta wayar famfon, ya kunna jan kwai a ƙofar kicin, shikenan.

Na sayi ACS712 guda biyu a Sabon Gari tare da Arduino Uno, ɗan bod ɗin kwamfuta da zai dinga karanta abin da ya auna. Yadda ACS712 yake aiki yana da daɗin fahimta, wutar tana ratsa wani ɗan tagulla a cikin cif ɗin, maganaɗisun da take haifarwa shi yake aunawa, abin da Edwin Hall ya gano tun 1879. Zaka bashi bolt 5, in babu komai a waya yana fitar da 2.5, in karent ya bi sai ya ɗaga ko ya sauka.

Toh ga inda na yi wauta, kuma dan wannan nake rubutun. Kala uku ne, akwai na amfiya 5, na 20, na 30, ni kuma na ɗauki na 30 a tunanina babba ai yafi ƙarko, kaman mai sayen janareta. Ashe na 30 milibolt 66 kawai yake motsawa a kan kowace amfiya, na 20 yana bada 100, na 5 kuma 185. Shi kuma Uno ya yanka bolt 5 gida 1024 ne, kowane taki wajen milibolt 4.9. Na fara gwaji da kwan fitila mai wat 9, wanda abin da yake ja bai wuce amfiya 0.04 ba, ka lissafa da kanka, ko taki ɗaya bai kai ba. Na zauna har ƙarfe ɗayan dare ina kallon lambobi suna rawa 510, 513, 511, in kunna kwai in kashe duk ɗaya, har na fara zargin jabu aka bani, wallahi bod ɗin bashi da laifi.

Da na ɗaura shi a kan famfon mai doki ɗaya sai labari ya canza, nan yake gani sosai tunda yana jan amfiya huɗu zuwa biyar a mita ta. Amma a wutar gida karatu ɗaya baya isa, tana kai da komo sau 50 a sakan, in ka ɗauki matsakaici sifili zaka samu, dole ka yi ta ɗaukar karatu da sauri na tsawon milisakan 100 ko fi sannan ka fitar da RMS, wato lissafin da ke bada ainihin ƙarfin wutar da ke kai da komo. Wani abu kuma, baya shiri da maganaɗisu ko kaɗan, na fara ajiye shi dab da rile, wato maɓallin da maganaɗisu ke kunnawa, duk sanda rilen ya kama sai sifilinsa ya goce, da na matsar da shi kaman faɗin tafin hannu ya natsu. Haka in caja mai bashi bolt 5 ɗin ta banza ce, 2.5 ɗin ma yawo zai dinga yi, na canza caja sau biyu.

Abin da ban so ba har yanzu shine sai ka yanke wayar wuta ka cusa ta a ɗan koren tamina ɗin nan mai sukurori biyu, bolt 230 a kan bod ɗin da bai kai kwalin ashana ba, kuma sumo yana fizgar wuta ninki da yawa lokacin tashi. Na saka shi a kwalin roba da fis a gabansa, duk sati ina taɓa kwalin in ji ko ya ɗau zafi. In baka saba da wuta ba don Allah kira mai wayarin.

A ɓangaren sola kam na yaba masa, na biyun yana kan batirin bolt 12, yana nuna min ko caji ke shiga ko fita tunda yana gane ɓangaren da wutar ta nufa. Na famfon kuwa in na samu kuɗi SCT-013 zan sa, wanda ake maƙalawa a waya ɗaya ba sai an yanke ba. Jan kwan dai yana aiki, shekaranjiya ƙanwata ce ta ganshi a kunne wajen sha ɗayan dare ta je ta kashe.