Kafin ka sayi kayan ɗaukar hoton fure a cikin ɗaki

Duk wanda ya fara sha'awar ɗaukar hoton furanni a kan tebur, abin da yake fara tambaya shi ne wane lens zan saya. Ni kuma amsata kullum ɗaya ce, bar maganar lens tukuna, mu fara da haske, don wallahi na ga mutanen da suka zuba kuɗi a lens mai tsada amma hoton ya fito fayau ba rai, fatar furen ta yi fari fat a gefe guda ɗaya gefen kuma baƙi ƙirin, duk saboda hasken ɗakin ne bai dace ba.

Haske iri uku ne ke gabanka: na taga, fitilar LED mai ci ba yankewa, da filashi.

Na taga kyauta ne kuma gaskiya har yau ban ga abin da ya fi shi taushi a jikin fure ba, in dai ba rana ce ke dukan tebur kai tsaye ba. Ka ja tebur kusa da taga, hasken ya zo daga gefe ko daga ɗan baya, in ya yi ƙarfi ka rataya farin labule shara-shara, shi ke nan. Hasken baya ɗin nan shi ke ratsa ganyen fure har ka riƙa ganin jijiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Matsalar hasken taga ba ya zama wuri guda, gajimare ya gitta launi ya canja, ka gama jera furanni yadda kake so sai ka ga rana ta riga ta karkata, da daddare kuwa babu shi kwata-kwata. Kuma don Allah in da taga kake aiki ka kashe ƙwan ɗakin, domin a ma'aunin launin haske da ake rubutawa da K, hasken rana yana wajen 5500K, ƙwan ɗaki mai ruwan ɗorawa kuma tsakanin 2700K zuwa 3000K, in suka haɗu sai inuwa ta yi launi daban haske ya yi launi daban, gyaransa a kwamfuta ba ƙaramin wahala ba ne.

LED ita nake ba mai farawa shawara in zai sayi fitila, saboda abin da idonka ya gani shi kyamara za ta ɗauka, kana matsar da ita kana kallon inuwa na tafiya. Amma ba kowace LED ba. Ka duba lambar CRI a jikin kwalin, wato ma'aunin yadda fitila ke fito da launi na gaskiya, ka nemi 95 ko sama da haka, don fitila mai ƙarancin CRI tana cin amanar jan launi, jan fure ya fito kamar ya kwana uku a ruwa. Ka kuma zaɓi wadda ake iya rage mata ƙarfi, da wadda za a iya sa mata akwatin tace haske a gaba. Tsofaffin fitilun halojin kar ma ka kula su, zafi gare su, fure mai laushi yana fara lanƙwashewa tun kafin ka gama saiti.

Filashi ya fi su duka ƙarfi, yana ba ka damar tsuke ƙofar lens ba tare da hoto ya yi duhu ba, kuma shi ke tsayar da ɗigon ruwa cak in kana fesa wa fure ruwa. Sai dai ba ka ganin hasken sai bayan ka danna, kuma dole ka cire shi daga kan kyamara, wato ga kuɗin na'urar da za ta tayar da shi daga nesa, ga sanda, ga lema. Fure ba ya gudu, to me za ka yi da wannan saurin? Ni dai a ganina a bar shi sai hannu ya faɗa.

Abin da zan ce ka saya kafin ma fitila shi ne turayifod, ƙafa ukun nan da ake ɗora kyamara. Dalili kuwa, in ka matso kusa da fure, wurin da ke fitowa tar a hoto yana tsukewa sosai, wani lokaci 'yan milimita ne kawai, sai ka tsuke ƙofar lens zuwa f/8 ko f/11 don ka samu zurfi, ka bar ISO, wato saitin ƙarfin jin haske na kyamara, a 100 don hoto ya fita sumul, nan take sai ka ga kyamara na neman rabin daƙiƙa ko daƙiƙa guda kafin ta gama ɗaukar hoton, kuma babu hannun da zai riƙe wannan bai girgiza ba. Ƙaramin na kan tebur yana da araha amma yana takura ka, duk sanda ka taɓa tebur shi ma ya motsa, furen ma ya motsa. Babban na ƙasa ya fi, musamman wanda sandarsa ta tsakiya ke kwantawa a kwance don ɗauka daga sama. Ka sa taima ta daƙiƙa 2 ka janye hannunka.

To yanzu lens. Na makro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, na gaske shi ne mai 1:1, wato girman abu a zahiri shi ne girmansa a kan sensa, ɓangaren cikin kyamara da hoto ke sauka a kansa, irin su Tamron 90mm, Canon 100mm, Nikon 105mm. Suna da kyau ƙwarai, kuma tsawon nan yana ba ka tazara tsakaninka da fure yadda ba za ka tare wa kanka haske ba, abin da gajeren makro na 40mm ko 60mm ke yawan jawowa. Amma ka tambayi kanka me kake son ɗauka. In tarin furanni ne a kwalba da ɗan ƙyalle a gefe, 50mm ɗinka ko ma lens ɗin da ya zo da kyamara ya wadatar. In ƙwayar cikin fure kake so da garin da ke manne a tsakiyarsa, akwai zobban da ake sawa tsakanin kyamara da lens, babu gilashi a cikinsu, suna dai rage haske kuma ba za ka iya fokas a abu mai nisa ba sai ka cire su, ka sayi masu mahaɗin lantarki a ciki don ƙofar lens ta ci gaba da aiki. Akwai kuma gilashin da ake maƙalawa a gaba irin Raynox DCR-250. Ka gwada waɗannan na 'yan watanni, in ka ga kullum can ciki zuciyarka ke kai ka, sannan ka sayi makro ɗin.

Masu waya kuma, yanayin makro na wayoyi da yawa da faffaɗan lens yake aiki, sai ka kusa manna waya a jikin fure, inuwar wayar ta rufe shi, siffarsa ta ɗan kumbura. Ka ja baya ka yi amfani da zum na 2x ko 3x, ka sayi maƙalin waya na turayifod.

Bayan fure fa? Baƙin karammiski yana shanye haske, baƙinsa ya fito wuluk, amma yana kama ƙura kamar me. Baƙar takarda ta fi sauƙi sai dai takan koma toka-toka in haske ya zubo mata, maganinta ka nisanta ta da furen, domin in ka ninka nisa daga fitila haske yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu ne. Duk wani abu mai sheƙi ka guje shi. Sai farin kwali guda da za ka jingina a gefen da ke inuwa ya mayar da haske, yana yin aikin fitila ta biyu, da kati mai launin toka na 18% don daidaita launi, wannan yana da muhimmanci in furen shunayya ne, saboda kyamarori da yawa suna mayar da shi shuɗi.

Furen kansa shi ne sayayya ta ƙarshe, sai komai ya zauna a tebur. Ka zaɓi wanda bai gama buɗewa ba, ka juya shi ka duba bayan ganyen ko akwai tabo ko karaya, don kyamara tana fito da abin da ido ya tsallake. In furen tulif ne ka sani yana ci gaba da tsawo a cikin ruwa kuma yana karkata wajen haske, yadda ka jera shi da safe ba haka za ka same shi da yamma ba, don haka ka jera ka ɗauka a zama ɗaya.