GitHub Copilot wajen rubuta bayanin kod a VS Code: yana da sauri, amma sai an sa masa ido

Masu haɗa manhaja a Bauchi, daga ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) masu aikin kammala karatu har matasan da ke yi wa shaguna da makarantu manhajar karɓar kuɗi, ciwo ɗaya ke damunsu: kod yana aiki, bayani babu. Wanda ya rubuta ya tafi bautar ƙasa, wanda ya gada ya rasa ta ina zai kama. Wannan gibin ake cewa GitHub Copilot, mataimakin rubuta kod mai ƙirƙirarriyar basira (AI), na cikewa, kuma a kan wannan aikin kaɗai za mu auna shi, cikin VS Code, editan da ake rubuta kod a ciki, da harsunan Python da JavaScript.

Kafa shi ba wuya. Ka shiga da asusunka na GitHub, ka zaɓi fankshin (guntun kod mai aiki guda) ɗin da kake so, ka danna Ctrl+I, ka rubuta /doc. Ko kuma ka buɗe """ a ƙarƙashin layin def a Python, ko /** a saman fankshin a JavaScript, shawara za ta fito da launin toka, ka danna Tab ka karɓa. Idan fankshin gajere ne, sunayensa masu ma'ana, kuma an nuna nau'in kowace ƙima, abin da yake fitarwa yana da kyau ƙwarai. Yana jera abin da ke shiga da abin da ke fita cikin tsari, bai gajiya a kan fankshin na hamsin. A nan ya cancanci yabo.

Matsalar tana farawa ne daga yadda yake aiki. Copilot ba ya gudanar da kod kafin ya yi masa bayani, hasashe yake daga sunaye da fayilolin da ke buɗe. Ɗauki fankshin mai suna caji(amount) da ke tura adadin kuɗi zuwa Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet. Paystack da kwabo yake lissafi, wato naira 5,000 ana tura ta ne a matsayin 500000. Idan babu abin da ya nuna haka a kusa, Copilot zai iya rubuta cewa adadin na naira ne, da cikakken tabbaci kuwa. Wanda ya gaji aikin ya yarda da bayanin, ya tura 5000, sai a caji mai saye naira 50. Bayanin ƙarya ya fi rashin bayani haɗari, domin wanda bai ga komai ba zai karanta kod ɗin da kansa. Haka abin yake da lokaci, ko agogon duniya na UTC ne ko agogon Najeriya mai gaba da awa ɗaya, da lambar waya, ko da 080 take farawa ko da +234. Maganin shi ne a gyara sunan tukuna, a ce amount_kobo, sannan a nemi bayani.

Dalilin da ya sa aka rubuta abu ma bai san shi ba. Idan makaranta ta ce a yafe wa ɗa na uku rabin kuɗin zango, shi rabawa biyu kawai zai gani. Wannan layin kai za ka rubuta da hannunka.

Abin da ya fi ɗaga ingancinsa shi ne fayil ɗin .github/copilot-instructions.md a cikin ma'ajiyar aikin. Layi huɗu ko biyar sun isa: a bi salon Google wajen bayanin Python, a faɗi ma'aunin kowane adadi, kada a ambaci kuskuren da kod bai jefa ba, kada a maimaita sunan fankshin a matsayin bayani. In babu wannan, yau salon NumPy zai ba ka, gobe wani daban.

Wajen kula da bayani bayan an rubuta kuwa, nan ne ya fi rauni, kuma nan ne aikin gaske yake. Ka canza fankshin, tsohon bayani na nan zaune, Copilot ba zai ankarar da kai ba sai ka tambaya. Don haka kafin kowane commit, wato ajiye canji a ma'ajiya, ka duba git diff mai nuna abin da ya canza, ka ce ya daidaita bayanin wuraren da suka canza kaɗai. Kada ka ce ya gyara fayil gaba ɗaya, yakan goge jumlolin da mutum ya rubuta da sani. Sai ka haɗa da kayan da ba sa hasashe: dokar D417 ta Ruff, manhajar duba kod ɗin Python, tana kama ƙimar da aka manta ba a bayyana ba, doctest na Python kuma yana gudanar da misalan da ke cikin bayani, ya faɗi idan sun daina dacewa da kod. Misalin da Copilot ya ƙirƙiro ba a gwada ba, kada ya shiga README, fayil ɗin da ke gabatar da aikin.

Hausarsa ba ta kai Turancinsa ba. Yakan jefar da ƙ da ɗ da ɓ, ya fassara kalma ɗaya ta hanya biyu a shafi guda. Jagorar da mai shago zai karanta, a bar shi ya yi daftari, mutum ya sake rubutawa.

Batun kuɗi: a watan Yunin 2022 aka buɗe shi ga kowa a kan dala 10 a wata, kyauta ga ɗaliban da aka tantance. A Disambar 2024 aka fito da tsarin kyauta mai shawarar kod 2,000 da saƙon hira 50 a wata. Mai aikin makaranta zai iya lallaɓawa da wannan idan ya fi amfani da Tab, domin saƙo 50 ba ya jimawa. Ba ya aiki sai da intanet. Wanda sabis ke yawan yanke masa yana iya gwada Continue, wani mataimakin kod, tare da Ollama mai gudanar da AI a kwamfutarsa ba tare da intanet ba, sai dai ƙaramar ƙirar AI mai girman 7B tana son RAM aƙalla 8GB, kuma bayaninta bai kai na Copilot ba.

A tuna kuma cewa abin da ke buɗe a edita yana iya tafiya zuwa sabar kamfanin. Fayil ɗin .env mai makullan sirri, da jerin sunayen ɗalibai ko kwastomomi, a rufe su kafin a kira shi, ganin dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 tana kan wanda ke riƙe da su.