Sharhina kan asibitin ido da na kai yarana biyu a Maradi

Tun shigowar hunturun bara yarana biyu suke fama da ƙaiƙayin ido, babban mai shekara 11, ƙanwarsa mai 4. Mun ɗauka apolo ne. Wata uku ina sayen wani maganin ɗigawa a hannun masu talla a bakin kasuwa. A ɗiga da dare, da safe ido ya yi fes. A bari kwana biyu, ja ya dawo. Sai da malamin lekol ya aiko cewa yaron ba ya ganin allo sosai, sannan muka hau adaidaita daga unguwarmu Zariya zuwa wani asibitin ido mai zaman kansa.

In fara da abin da ya ɓata mini rai. An ce mu zo ƙarfe 8, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Benci biyu ne kawai a inuwa, kuma mai karɓar kuɗin kati kamar an yi mata dole.

Amma da muka shiga ciki, na manta da wahalar. Likitan ya sa yaron ya ɗora haɓa a kan wata na'ura mai siririyar fitila, ya juya fatar idon ta sama, ya kira ni in duba. Wallahi cikinta ƙuraje ne jere kamar an shimfiɗa tsakuwa. Ya ce borin jiki ne da ƙura da zafi ke tayarwa, kuma yakan lafa bayan balaga. Da na miƙa masa kwalbar da nake saye, sai ya girgiza kai.

"Hajiya, wannan akwai kortizon a ciki. Yana kashe ja, amma in aka daɗe ana sawa yana kawo hawan jinin ido da yanar ido."

Ya auna, na yaron ya ɗan hau. Ya hana shi murza ido, don murzar tana sa baƙin idon ya yi tsini.

Ni duk hankalina a kan babban yake, don shi ke kuka da ciwo. Ashe ƙaramar ce abin tsoro. Ya ɗiga mata wani ruwa mai launin ɗorawa, ya haska shuɗiyar fitila, sai ga wani ɗan wuri ya yi kore a idon hagu, gyambo ke nan. Ya ce har zuwa wajen shekara 7 ko 8 ƙwaƙwalwa koyon gani take yi. In ido ɗaya yana kawo mata hoto dishi-dishi, sai ta yi watsi da shi, ko ciwon ya warke ganin ba lallai ya dawo ba. Ga shi yaro ƙarami ba ya cewa ba ya gani, tunda ɗaya idon na yi masa aiki. Babu wanda ya taɓa yi mini wannan bayani, kuma da Hausa tsantsa ya yi shi, ba faransanci.

Ɗaya daga cikin magungunan babu shi a wurinsu, sai da muka zaga farmasi uku. Duk da haka zan tura ƴar'uwata can, sai dai ta tafi da ruwa da tabarma.

Gyambon ya warke, tabo ya ɗan rage. Yanzu kullum ina rufe mata idon dama awa biyu da filasta, don na hagun ya yi aiki. Ta kan ɓalle shi in na juya baya, sai na haɗa da ƙuli-ƙuli da lallashi. Wata mai zuwa za mu koma awo.